Awa uku a sati: dokar gem ta Caina da abin da ba a faɗa a majalisa

Maganar nan ta dokar gem ta ƙasar Caina ta ƙi mutuwa a WhatsApp, duk bayan 'yan watanni sai wani ya tono ta ya jefa a gurup kamar jiya aka yi ta, wai can yaro bai isa ya buga gem ba sai awa uku a sati, a ƙasa kuma a rubuta ina ma Najeriya. Nan wajenmu ƙasar Gumel ma haka abin yake, in aka zauna majalisa bayan la'asar aka ɗauko zancen yaran zamani da waya, da wuya a tashi wani dattijo bai ce ai mutanen Caina sun yi maganin abin ba. Kuma fa ba ƙarya suka yi ba, wannan ba irin saƙon nan na tura wa mutum goma ba ne. Ranar 30 ga Agusta 2021 hukumar da ke kula da ɗab'i da wallafa ta ƙasar ta fitar da doka cewa duk wanda bai kai shekara 18 ba, gem na intanet sai daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutun gwamnati, shikenan. Kafin nan tun 2019 akwai wata mai ɗan sauƙi, minti 90 a ranakun makaranta, daga 10 na dare zuwa 8 na safe kuma ba wasa kwata-kwata.

Abin da ban taɓa ji an tambaya ba a majalisar shi ne ta yaya. Magidanci da 'ya'ya biyar ya kasa raba su da waya a cikin gidansa, to gwamnatin da ke zaune a Beijing ta ina za ta san wani yaro a ƙauye ya wuce ƙarfe 9 da minti 5 yana danne-danne?

Da farko gem iri biyu ne. Akwai wanda yake zaune cikin na'urarka, kamar ƙwallon da yara ke bugawa a tsohuwar PS a gidan gem, ko Ludo da Temple Run da ake turawa ta Xender, wannan ko sabis babu za ka buga abinka kuma ba wanda ya san kana yi sai wanda ke tsaye a bayanka. Akwai kuma na onlayin irin su Free Fire da PUBG da Call of Duty, su waɗannan ainihin filin wasan ba a wayarka yake ba, yana kan manyan kwamfutocin kamfani, duk harbin da ka yi sai ya je can ya dawo kafin ka ga abokin karawarka ya faɗi. Dokar Caina a kan na biyun take. Gwamnati ba ta bin yara gida-gida, kamfanin take riƙewa a wuya. Ba ka buɗe akawun sai da sunanka na gaskiya da lambar katin ɗan ƙasa, kamfanin ya duba a rumbun gwamnati ya tabbatar kai ne kuma ya ga shekarunka, in lokaci ya yi na'ura ce ke wurgo ka waje ba mutum ba. Da aka ga yara na shiga da katin iyaye da kakanni, a 2021 Tencent, babban kamfanin gem na Caina, ya ƙara da duba fuska, tsakar dare kana cikin wasa sai a ce nuna fuskarka a kyamara, in ka ƙi a ɗauke ka a matsayin yaro.

To ka ga inda gizo ke saƙa. Ba yadda za a yi ka gane waye yaro sai ka san kowa. Mai shekara 40 ma sai ya ba da katinsa, don haka babu wani ɓoyayyen suna kuma, duk abin da ka rubuta a wurin hira cikin gem yana ɗaure da sunanka da lambarka. Sannan dokar ba za ta yi aiki ba in yaro na iya tsallakewa ya shiga gem ɗin wata ƙasa cikin sauƙi, shi ya sa take jingine da katangar nan da suka yi wa intanet ɗinsu, wadda tun 2009 ta tare Facebook da YouTube da Twitter, daga baya Google ya bi, WhatsApp ma ya bi a 2017. Wato shi kansa gurup ɗin da ake yaba dokar a cikinsa, da a can ne ba zai buɗe ba sai da VPN, manhajar da ake zagaye toshiya da ita ta wata ƙasa. Bayan wannan akwai lasisi, ba gem ɗin da ke shiga kasuwa a sayar sai hukuma ta duba ta ba shi lamba, kamfanin waje kuma dole ya bi ta hannun na gida. A 2018 sun yi wajen wata 9 ba su ba kowa lamba ba, daga tsakiyar 2021 zuwa Afrilun 2022 suka sake, ƙananan kamfanoni da yawa a nan suka mutu. Mai cewa a kawo mana awa uku, duk wannan kayan yake cewa a kawo ko bai sani ba, don ba a sayar da su daban-daban.

Me ake tacewa? Wani ɓangaren har dariya yake ba ni. A World of Warcraft an sa wa ƙwarangwal tsoka, gawa kuma aka mayar da ita kabari. PUBG da yaranmu ke so, a Mayun 2019 Tencent ya rufe shi a Caina saboda bai samu lasisin karɓar kuɗi ba, ya fito da wani mai suna Game for Peace, kusan komai iri ɗaya sai dai babu jini, wanda ka harba kuma ba mutuwa yake ba, durƙusawa yake ya ɗaga maka hannu ya yi bankwana. In da iya nan abin ya tsaya wallahi ni ba ni da ta cewa, kowace al'umma tana da abin da ba ta so 'ya'yanta su gani, mu ma muna da namu kuma ba ma jin kunyarsa.

Amma duba waɗanda aka fi saurin kashewa. Animal Crossing gem ne na tsibiri, ka shuka fure ka kama kifi ka ziyarci maƙwabci, ko kaza ba a yankawa a ciki. A Afrilun 2020 masu fafutukar Hong Kong irin su Joshua Wong suka fara rubuta takensu a tsibiransu suna ɗaukar hoto suna yaɗawa, cikin 'yan kwanaki gem ɗin ya ɓace daga manyan kasuwannin intanet na Caina. Wani mai suna Devotion da wani ƙaramin kamfani na Taiwan ya yi a 2019, an gano wani ɗan rubutu manne a bango a cikinsa da ke tsokanar Xi Jinping, aka sauke shi daga Steam, kasuwar gem ta intanet, kamfanin da ya shigo da shi Caina kuma ya rasa lasisin kasuwancinsa. Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne na Oktoban 2019, wani ɗan Hong Kong ya ci wasa a gasar gem ɗin Hearthstone, ana hira da shi kai tsaye ya faɗi taken 'yancin garinsu, sai kamfanin Blizzard mai gem ɗin, na Amurka fa, ya dakatar da shi shekara guda ya riƙe kuɗin da ya ci, sai da duniya ta yi ca sannan aka rage zuwa wata 6 aka mayar masa da kuɗinsa. Kasuwar Caina ta yi girman da kamfani ke fara tace kansa tun kafin a ce masa uffan. Kuma kar ka ɗauka abin ya yi mana nisa, PUBG na waya da Call of Duty na waya duk a ɗakunan aikin Tencent aka gina su, shi ne kuma mai kamfanin gem na Amurka Riot Games gaba ɗaya. Ban ce suna leƙen wayar yaronka ba, na ce dai abin da ake sakawa da abin da ake cirewa a ciki ana yanke shi ne da ido ɗaya a kan Beijing.

Ni abin da na fahimta, jini da harbi ba su ne ke hana irin waɗannan gwamnatocin barci ba, haɗuwa ce. Gem na onlayin wuri ne da mutanen da ba su san juna ba ke taruwa su yi magana ba tare da an kira taro ba. Ko a nan ƙauyenmu ana ganin haka. Akwai wani shagon caji a bakin tasha, sola biyu a kan rufin kwano da dogon katako da aka jera soket a jiki, kowace waya da lambarta a ɗan tef. Da magariba ta wuce samari ke karɓar wayoyinsu su gangara bayan firamare don nan ne sabis ya fi kamawa, ka gan su su huɗu su biyar a kan tubalan da aka ajiye, kowa fuskarsa na haske, ɗaya na ihu ku zo ku tashe ni an kwantar da ni. Ɗan yayana yana cikinsu, yaron da bai taɓa wuce Kano ba, rannan yake ce min Kawu ai akwai wani ɗan Masar a tawagarmu, shi ya gaya min su ma kuɗinsu ya karye kamar naira. Da ɗan guntun Turanci da Larabcin Islamiyya suke fahimtar juna. A wurinmu wannan hira ce kawai. A ƙasar da gwamnati ke so ta zama ita kaɗai ke ba ka labarin duniya, wannan ɗan Masar ɗin matsala ne.

Labarin Kyuba ya fi kowanne kama da namu shi ya sa nake son sa. Su intanet ya daɗe bai isa hannun talaka ba, sai Disamban 2018 aka fara ba mutane data a waya. Tun farkon shekarun 2000 samarin Habana, babban birnin ƙasar, masu son gem suka ce tunda ba za a ba mu ba bari mu yi namu, suka dinga jan waya daga rufin wannan gida zuwa wancan, suna kafa 'yan eriyoyi, har abin ya zama wata babbar hanyar sadarwa da ta haɗa dubban kwamfutoci a birnin, ana ce mata SNET. Ba ta fita waje, iya tsakaninsu ne, a buga gem a yi hira a yi musayar kaya. Kuma su da kansu suka kafa wa kansu doka, ba siyasa ba batsa ba gardamar addini, wanda ya karya a cire shi, saboda sun san ranar da aka yi zancen siyasa a ciki ranar za a tsinke wayoyin. Gefe guda kuma ga abin da suke kira fakitin mako, wajen terabayit guda na fina-finai da ƙwallo da gem da manhajoji, ana yawo da shi a babban memori (hard disk) gida-gida ka biya a zuba maka, sak masu turi na kasuwanninmu da ke cika maka memori da fim ɗin Hausa da fassarar Indiya ranar kasuwar Maigatari. Shi ma fakitin ba ya taɓa siyasa. Duk da wannan kiyayewar ba su tsira ba, a 2019 gwamnati ta fito da sabbin ƙa'idoji da suka sa SNET ta zama haramtacciya, aka ce su miƙa kayansu a haɗe da cibiyoyin kwamfuta na gwamnati. Ba su zagi kowa ba, laifinsu dai sun gina abin da makullinsa ba ya hannun hukuma. Da zanga-zanga ta tashi a Yulin 2021 kuma, datar da aka ba mutane ita aka fara taɓawa.

Ɗan Iran kuwa ta gaba da baya ake dukansa. Gwamnatinsa ta hana Pokémon Go a 2016, ta toshe Clash of Clans a ƙarshen shekarar, ta toshe Telegram a 2018, Instagram da WhatsApp suka bi a 2022 bayan mutuwar Mahsa Amini, matashiyar da ta rasu a hannun 'yan sanda. A Nuwamban 2019 da aka ƙara kuɗin mai mutane suka fito, an katse ƙasar daga intanet ɗin duniya wajen mako guda, kuma sun iya yin hakan ne saboda sun daɗe suna gina nasu na cikin gida, banki da shafukan gwamnati na aiki, waje ne kawai ba a fita, har farashin data ma na shafukan gida ya fi arha don a saba. To a ɗaya hannun kuma a 2019 ɗin dai yaran Iran da Siriya suka wayi gari League of Legends ya ƙi buɗewa, wannan karon ba gwamnatinsu ba ce, takunkumin Amurka ne ya sa kamfanin ya rufe musu. Masu cewa Turawa ne masu 'yancin intanet su riƙe wannan. VPN da ake cewa shi ne mafita, ga mai karanta labari ya wadatar, ga mai gem azaba ne, don saƙonka sai ya zaga ta wata ƙasa kafin ya isa, kafin harbinka ya je an riga an kashe ka. Duk yaron da ya taɓa buga Free Fire da sabis sanda ɗaya ya san wannan takaicin.

Na Taliban gajere ne, a 2022 sun ba da umarnin hana PUBG da TikTok wai suna ɓata matasa, a Satumban 2025 suka fara yanke layin intanet a wasu larduna da sunan hana alfasha, ƙarshen watan ƙasar gaba ɗaya ta yi wajen kwana biyu a rufe, jirage suka tsaya bankuna suka tsaya. Koriya ta Arewa kuwa ba a ma kai ga toshewa ba don ba a taɓa buɗewa ba, talaka yana da waya har da gem a ciki, amma shago ake zuwa a saka maka, fayil ɗin da ba shi da hatimin gwamnati wayar ba ta buɗe shi.

Akwai masu ƙoƙarin bi ta cikin gem su shigar da labari. Ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF ta gina ɗakin karatu a cikin gem ɗin gine-gine na Minecraft a Maris 2020 ta zuba rubuce-rubucen da aka hana a ƙasashe irin su Rasha da Masar da Saudiyya, wata jaridar Finlan kuma a 2023 ta ɓoye labaran yaƙin Yukren a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa cikin gem ɗin harbi na Counter-Strike don 'yan Rasha. Dabara ce mai kyau, amma a ganina ta fi amfani wurin jawo hankalin duniya, yaron da ya shigo harbi ba karatu ya kawo shi ba. Hukuma dai ba ta ɗauki abin da wasa ba. A Fabrairun 2022 kotun sojan Rasha ta ɗaure wani yaro ɗan shekara 16 daga garin Kansk na Saiberiya shekara 5 kan tuhumar koyon ta'addanci, cikin abin da aka tono a wayoyinsu shi da abokansa har da shirin tarwatsa ginin hukumar leƙen asiri da suka gina a Minecraft. A Oktoban 2024 Rasha ta toshe Discord, manhajar da masu gem ke hira da ita, sai ga masu goyon bayan sojojinta na ƙorafi don ashe su ma sojojin da ita suke amfani a fagen daga.

Yanzu mu dawo gida. Najeriya ba Caina ba ce ba kuma Iran ba, mutum na zagin shugaban ƙasa a Facebook da safe ya je gona da rana, wannan gaskiya ne a faɗe shi. Amma kayan aikin muna da su kuma an gwada su. A Yunin 2021 bayan Twitter ya goge wani rubutun shugaba Buhari aka rufe shi sai Janairun 2022, har aka yi barazanar gurfanar da masu shiga ta bayan fage, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. A Satumban 2021 aka kashe sabis a Zamfara gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, abin ya taɓa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, kamar yadda aka yi a Borno da Yobe da Adamawa a 2013. Mutane da yawa sun goyi bayan wannan kuma ban ga laifinsu ba, wanda aka sace masa ɗa ba zancen data yake ba, amma mai POS da mai jiran kuɗin magani daga ɗansa na Legas su ma sun ɗanɗana, wasu sai sun yi tafiya zuwa wani gari kafin su buga waya. Tun Disamban 2020 kuma ake ɗaure kowane layi da NIN, wanda bai haɗa ba a rufe masa. Tsallaken iyaka, inda wani lokaci wayoyinmu kan kamo sabis ɗinsu, Nijar ta kashe datar waya wajen kwana 10 bayan zaɓen Fabrairun 2021, tun kafin sojoji ma, su kuma sojojin suka dakatar da RFI a 2023 da BBC a Disamban 2024. A Kano hukumar tace fina-finai tana nan tun 2001, Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024, kuma a Nuwamban 2022 kotu ta sa an yi wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kan bidiyon da suka yi wa gwamna na lokacin. Rufe shagon caca da bulala kan tsokanar gwamna ba abu ɗaya ba ne, amma sau da yawa da sunan tarbiyya ɗaya ake shigo da su, kuma nan ne ya kamata mutum ya buɗe ido, don gem da TikTok ba su da mai tsaya musu, ba malamin da zai hau mumbari ya kare Free Fire, shi ya sa a kansu ake fara gwada makulli.

Kar a ce na raina kukan iyaye. Na ga yaron da aka aika sayen taki ya gutsuri kuɗin ya sa data, na ga wanda ke gyangyaɗi a makarantar asuba don ya kwana yana wasa, kuma waɗannan gem ɗin da gangan aka gina su don su riƙe ka, kyautar shiga kullum, akwatin sa'a da za ka biya ba ka san me ke ciki ba, wanda in ka duba da kyau ƙanin caca ne. Wannan duk gaskiya ne. Tambayar ita ce ko dokar ta yi maganin. A ƙarshen 2022 ƙungiyar masu sana'ar gem ta Caina ta ce an kusa gamawa da matsalar, to amma su waye za su ce ba a gama ba? Wani bincike da aka wallafa a 2023 a mujallar Nature Human Behaviour ya duba bayanan wasa masu tarin yawa bai ga alamar cewa dokar 2019 ta rage masu wuce gona da iri ba. Kasuwar hayar akawun na manya ta buɗe, wasu yaran kuma suka koma kallon gajerun bidiyo. Koriya ta Kudu ta gwada irinta tun 2011, 'yan ƙasa da 16 ba wasa daga 12 na dare zuwa 6 na safe, suka yi shekara 10 ana gardama a majalisa da jaridu, a Agustan 2021, watan da Caina ta ƙara ɗaure tata, su suka sanar za su soke tasu su bar wa iyaye zaɓin lokaci. Su sun samu damar cewa abin bai yi ba.

A ce ma yau an kawo ta nan, wa za ta kama? Rabin wayoyin da ke bayan firamaren nan layukansu da NIN ɗin uba ko yaya ko ma kaka aka yi musu rajista, waya ɗaya mutum uku ke amfani da ita, da rana ta Baba ce da dare ta samari. Na'ura za ta ga dattijo mai shekara 60 yana harbi ƙarfe 1 na dare ta ƙyale shi. Abin da zai rage a hannun hukuma shi ne rumbun sunaye da abin da kowa ya faɗa, a ƙasar da aka sha ba da rahoton ana sayar da bayanan NIN a intanet da kuɗi ƙalilan. Mu a yanzu ma abin da ke ƙayyade wa yaranmu lokaci ba doka ba ce, batir ne da kuɗin caji da ƙarfen sabis da ke mutuwa in man injinsa ya ƙare, ga ƙarin kashi 50 da NCC ta amince a yi wa kuɗin kira da data a Janairun 2025, wanda ya sallami yara da yawa daga onlayin suka koma ƙwallon da ba ya cin data.

Wani abu kuma da masu tura saƙon ba sa haɗawa da shi. A Disamban 2023 hukumar Caina ta fitar da daftarin wata sabuwar doka, wannan karon a kan ainihin abin da ke cin aljihun mutane, a hana kyautar shiga kullum a sa iyaka ga kuɗin da mutum zai zuba a gem. A yini ɗaya Tencent da NetEase, manyan kamfanonin gem na ƙasar, suka yi asarar kusan dala biliyan 80 a kasuwar hannun jari. Kafin Janairu ya ƙare daftarin ya ɓace daga shafin hukumar, aka kuma ruwaito an cire jami'in da ke kula da ɓangaren. Sai ga Agustan 2024 wani gem nasu na gida, Black Myth: Wukong, ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana 3, kafafen gwamnatin da a 2021 ɗayansu ta kira gem ƙwayar maye suka dinga yabonsa a matsayin abin alfaharin ƙasa. Wasu daga cikin masu nuna wasan kai tsaye a ƙasashen waje kuma aka aika musu da takardar abin da ba a so su ambata yayin da suke bugawa, ciki har da siyasa da korona da dokokin gem na Caina.